Yadda Za Ki Haɗa wa Mai Gidan Haya Bodka da Furen Elda Ba Tare da Kin Ɗanɗana Ba

'Yar'uwa, ja kujera ki zauna, ki natsu. Idan wa'adin hayarki ya kusa ƙarewa, mai gidan kuma ta fara gajarta gaisuwa in kun haɗu a matakala, wannan darasi naki ne. Zan koya miki yadda ake haɗa abin shan nan da ya cika gidajen cin abincin Manhattan a 'yan shekarun nan, wanda ake kira koktel, irin na bodka da furen elda. A kicin ɗinki za ki haɗa shi, da hannunki, ko da tun da aka haife ki ba ki taɓa kai giya kusa da hanci ba. Na yi miki alkawari: in kin bi matakan nan a jere, ba ki tsallake ko ɗaya ba, ba za ki ɗaure kaya ba bana.

Darasi ba ya zama sai da misali, don haka za mu riƙa leƙa gidan Shamima a unguwar Soundview da ke Bronx, cikin birnin New York. Shamima 'yar zangon Kumasi ce, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Mijinta Sumani direban tasi ne. Suna haya a saman wani gida mai hawa biyu, mai gidan kuma tana ƙasa: Madam Ondina, tsohuwar nas 'yar Puerto Rico, wadda ta yi ritaya amma idonta bai yi ba. Hayar za ta ƙare a ƙarshen wata. Ɗan ƙanen Madam ya rabu da matarsa, yana son saman. Madam ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Bronx ya san abin da wannan shiru yake yi wa cikin mutum.

To, bismillah. Kayya, a'a, wannan darasin a fara shi haka kawai.

Mataki na 1: Ki gano abin da take so, amma kada ki tambaye ta

Tambaya tana nuna kina neman wani abu. Kina nema ɗin kuwa, shi ya sa ba za ki tambaya ba. Ki nemi ƙawar da ba ta sauka daga Facebook.

Shamima tana da irinta: Akua, abokiyar aikinta, 'yar Asante, wadda ta san ranar haihuwar kowa a unguwa har da karnukansu. A cikin bas ɗin safe Akua ta miƙo mata waya.

"Sista Shamima, duba nan. Madam ɗinki ce a bikin 'yar ƙanwarta. Kin ga abin da ke hannunta?"

"Na ga kofi mai doguwar ƙafa."

"Karanta abin da ta rubuta a ƙasa. Bodka da furen elda, in ji ta, daɗi kamar a mafarki."

"Hoto ɗaya ne fa, Akua."

"Ɗaya ne, amma dubi haƙoranta, duk a waje. Yaushe rabon da ta yi miki irin wannan dariyar?"

Shamima ta tuna ba ta taɓa yi mata ba.

Kada ki nemi ƙarin hujja. Mai bincike da yawa yakan gano gaskiya, gaskiya kuwa tana lalata shiri.

Daga nan ki shawo kan maigida, wato mijinki. Zai kawo maganar hukunci, kuma yana da gaskiya. Ni malamar aji ce, ba mai ba da fatawa ba. Hukuncin abin kin san shi, na san shi, Sumani ma ya faɗe shi tun kafin ya cire takalmi.

"Baban Mariya, ai ba sha za mu yi ba," in ji Shamima.

"Na sani. Amma ko ɗaukarta ma akwai nauyi."

"Sauko da katifa daga bene zuwa titi ma akwai nauyi. Ka zaɓi wanda bayanka zai iya."

Sumani ya dubi katifar ta ƙofar ɗaki, ya daɗe yana dubanta. Ki lura Shamima ba ta ɗaga murya ba. Ki yi koyi da ita.

Mataki na 2: Ki nemo furen

Elda wata bishiya ce ta ƙasashen sanyi, mai ƙananan fararen furanni. Ba furen kansa za ki saya ba, ruwansa ne da aka dafa da sukari aka zuba a kwalba.

Za ki fara da layi na 116 a Harlem, domin zuciyarki ta yarda cewa abin da babu shi a can babu shi a duniya. Ki je ɗin, don ki huta da tunani. Shamima ta shiga shagon Hajiya Iyatu, 'yar Maraɗi, wadda ke sayar da komai daga daddawa har zuwa katin waya.

"Huren mi?" in ji Hajiya.

"Elda, Hajiya. Fari ne, ƙanana."

"Ba mu da shi. Ga zoɓo, shi ma hure ne, kuma ya fi shi kala. Wa za ki dafa wa?"

"Wata baƙuwa ce."

"Baƙuwar da zoɓo bai ishe ta ba, ki bincika ta da kyau."

Ki yi godiya, ki sayi citta da kanumfari don kada ki fita hannu wofi. Za su yi amfani. Sannan ki hau jirgin ƙasa zuwa wancan babban kantin kayan ɗaki na 'yan Sweden da ke Brooklyn. Ruwan elda yana can ƙarshe, kusa da ƙofar fita, amma ba za su bar ki ki kai gare shi ba sai kin ratsa ɗakunan kwana da kicin-kicin na mutanen da ba su wanzu ba. Ki daure. Shamima ta fito da kwalbar elda, da labule, da wata fitila da har yau ba ta san inda za ta ajiye ba.

In kin buɗe kwalbar za ki ji ƙanshi kamar na sabulun da tsofaffin Turawa ke ɓoyewa a aljihun tebur. Kada ki tsorata. Haka yake.

Mataki na 3: Ki zaɓi wanda zai sayo bodka

Wannan mataki yana bukatar tsanaki. A garin nan ba a sayar da bodka a kantin da kike sayen madara, inda za ki iya binne ta ƙarƙashin kabeji. Shagonta daban ne, mai fitilu a taga, kuma wanda ya shiga ba shi da abin cewa ya shiga nema.

Za ki fara tunanin ƙawarki Kirista. Shamima ma ta yi.

"Ni?" in ji Akua. "Sista, ni ce mai nuna wa mutane kujera a coci, da farin safar hannu. Fastonmu ko maganin tari sai ya karanta bayan kwalba. Na ba ki labari, ban ce zan ba ki ƙafata ba."

Saura maigida. Ga ƙa'idojin tura shi. Kada ya je da tasi, domin lambarta tana bisa kai, kowa ya haddace ta. Ya ajiye hularsa a gida, ya sa hular 'yan ƙwallo. Ya hau jirgin ƙasa mai lamba shida, ya sauya, ya sake sauyawa, har sai ya kai unguwar da bai taɓa jin ana Hausa ba. Sumani ya kai can cikin Queens, inda rubutun shaguna ma bai iya karantawa.

Game da girman kwalba, ki bar shi da halinsa. Mu ba ma sayen shinkafa sai buhu, ba ma sayen mai sai jarka. Ƙaramar kwalba ta gwauro ce. Magabata ma sun ce in za ka sha giya, sha ta dubu. Ba wannan suke nufi ba, amma yau karin maganar ta samu aiki. Sumani ya nuna wadda ta fi kowacce, mai marfi da mariƙi a gefe kamar tulu. Aka saka masa ita a baƙar leda. Baƙar ledar nan an yi ta don rufin asiri, shi ya sa kowa ya san abin da ke cikinta.

Yana fitowa sai ya ji sallama. Harouna ne, ɗan Zinder, da suke sahu ɗaya a masallacin Juma'a, ya shimfiɗa teburin lema da cajar waya daidai bakin ƙofar.

"Alhaji Sumani. Lahiya na gan ka nan?"

"Lafiya lau. Tambayar hanya na shiga yi."

"To, madalla. Hanyar ta yi nauyi kuwa, na ga ka riƙe ta hannu biyu."

"Maganin goge kujerun mota ne. Ka san fasinjojin ƙarshen mako."

"Bon," in ji Harouna da Faransanci, yana gyara jerin lemominsa. "Allah ya tsabtace mana kujerunmu baki ɗaya."

Sumani ya ce amin, ya sayi lema duk da rana tana tsakiya.

Ki riƙe wannan a matsayin ilimi: birnin nan yana da mutane miliyoyi, amma duk ƙofar da ba ka so a gan ka, akwai ɗan'uwa a bakinta yana sayar da lema.

Mataki na 4: Ki gyara ma'aunin Turawa

Yanzu ki buɗe waya ki karanta yadda masu abin suka ce a yi. Za su ce: bodka ɗan kaɗan, a wani kofin awo da bai fi murfin kwalbar turare ba. Ruwan elda cokali guda ko biyu. A matse lemon tsami, a zuba ƙanƙara, a cika sauran kofin da ruwan soda, a yi ado da yankan kokwamba.

Ki karanta da kyau, sannan ki tambayi kanki a hankali: mene ne mai daraja a nan, mene ne banza? Bodka ce aka yi wa tafiya har Queens. Ruwan soda ruwa ne da iska. Wato mutanen nan suna so ki kira mai gidan hayarki, ki zaunar da ita, ki ba ta ruwa da iska, ki ɗiga mata abin kirki kamar maganin ido. A gidanku wa ya taɓa cika wa baƙo kwano da romo ya jefa masa tsoka ɗaya?

Shamima ta karanta sau biyu, ta ce, "Wannan rowa ce aka rubuta da Turanci."

Saboda haka ki juya lissafin. Bodka ita ce uwa, soda ta zama ɗigo. Ki ajiye murfin turaren nan, ki ɗauko gwangwanin madarar da kike awon shinkafa da shi, wanda hannunki ya sani.

Sannan akwai maganar ɗanɗano. Ke da kika tashi da sobolo, wato zoɓon mutanen Gana mai citta har hanci, kin san abin shan da bai karci maƙogwaro ba na marar lafiya ne. Ki daka cittar da kika saya wajen Hajiya, ki watsa kanumfari, ki ƙara masoro. In hannunki ya kai ga barkono, kada ki hana shi. Furen elda abu ne mai sanyin hali, yana bukatar wanda zai tsaya masa.

Mataki na 5: A girgiza

Masu sana'ar suna da wani gwangwanin ƙarfe da suke kaɗawa kusa da kunne. Ba ki da shi, ba ki bukatarsa. Ki wanke robar da kike zuba kunu, ki juye komai a ciki, har da sodar, ki rufe da ƙarfi, ki miƙa wa maigida.

A ƙasan shafin za ki ga an rubuta cewa ba a girgiza soda. Za ki ga wannan bayan an gama.

Sumani ya girgiza da zuciya ɗaya, irin ta mutumin da ke kare ɗakinsa. Robar ta kumbura. Ya murɗa marfin. Abin da ya biyo baya ya taɓa silin, ya taɓa firji, ya sauko ta kan kaftaninsa, ya bar ɗan kanumfari manne a jikin fitila.

Suka tsaya suna kallon sama.

"Maman Mariya, wannan rigar da ita nake zuwa Juma'a."

"Cire ta ka jiƙa. Ka miƙo min gwangwani, a sake."

Kada ki karaya. Kin ga amfanin babbar kwalba ke nan.

Mataki na 6: Ki gwada da komai ban da harshe

Nan ne wahalar take. Ke mai girki ce. Ko ruwan shayi kika dafa sai kin kai cokali baki. Yau hannunki zai ɗauki cokali da kansa ya nufi sama, ki tsayar da shi a hanya. Allah ya ba ki wasu ƙofofin sani, ki yi aiki da su.

Ido: ki ɗaga kofin wajen taga. A hoton Madam abin garau yake, kamar ruwan sama. Haɗi na biyu na Shamima ya fito da kalar ruwan kwata bayan an wanke tukunyar miya. Ta juye shi a sinki.

Hanci: ki kira maigida.

"Baban Mariya, zo ka sunsuna."

"Na sunsuna ɗazu. Har yanzu hancin bai dawo ba."

"To ka tsaya daga nan ka gaya mini ko yana kaiwa."

"Yana kaiwa har bayan gida."

Wannan alama ce mai kyau. Haɗi na uku ki tace shi da rariya mai laushi. In har yanzu kina shakkar ko ya yi, ƙa'idar ba ta canza ba: ki ƙara mai darajar. Ba a taɓa jin baƙon da ya yi fushi don an yi masa yawa ba.

Ki juye a babban jug, ki sa a firji. Kwalbar, wadda yanzu ta koma rabi, ki tura ta ƙarƙashin sinki bayan kayan wanke-wanke. Ki buɗe tagogi, ki kunna turaren wuta. Ƙanshin biyun ba za su kori juna ba, za su yi zaman haƙuri ne kawai.

Mataki na 7: Ki fara ciyar da ita

Ki gayyace ta ranar Lahadi da rana, bayan ta dawo coci, lokacin da zuciya take da taushi. Kada ki fito da jug tun farko. Babban baƙo daga baya yake shigowa.

Shamima ta dafa wakye, shinkafa da waken nan na zango, da shito, soyayyen yajin nan baƙi wuluk, da soyayyar ayaba, da dafaffen ƙwai. Madam Ondina ta hawo da hular cocinta, ta zauna, ta ci, ta share gumi, ta ƙara. Sannan ta ajiye cokali. In baƙuwa ta ajiye cokali, ki buɗe kunne.

"Kun san ɗan ƙanena yana son saman nan," in ji ta.

Shamima ta ce sun sani.

"Jinina ne. Amma ni ke fitar da shara a gidan nan, kuma shara ba ta ƙarya. Lokacin da ya zauna wajena, buhun kwalabe sai na ja shi da hannu biyu, yana ƙara duk layi na ji. Marigayi mijina ma haka ya yi har ya tafi. Ni kaina sai a biki nake taɓa rabin kofi, shi ma don kada a ce na yi girman kai." Ta nuna su da yatsa. "Ku kuwa, tun da kuka zo, gwangwanin tumatir ne da jarkar mai. Ban taɓa ganin kwalba ko ɗaya ba. Abin da ya sa har yanzu ban ba shi amsa ba ke nan."

A daidai lokacin Sumani ya riga ya ɗaga rabin jikinsa daga kujera, zai je ya ɗauko jug kamar yadda aka tsara. Nan za ki gane amfanin harshen uwa. Shamima ta yi murmushi, ta ce masa da Hausa, cikin taushin murya:

"In ka ƙarasa miƙewar nan, a tasi za mu riƙa kwana."

Ya koma ya zauna a hankali.

"Me ta ce?" in ji Madam.

"Ta ce in ƙara miki ƙwai."

Ya ƙara mata biyu.

Mataki na 8: Kada ki tare ƙofar kicin

Za ki so ki tare. Kada ki yi. Gidanta ne, kuma tsohuwar nas ba ta iya ganin faranti mai datti ta zauna. Madam ta tattara kwanuka ta nufi kicin, Shamima na biye da ita tana cewa ta bari, ta bari. A bakin sinki Madam ta tsaya, ta ɗaga hanci. Ta dubi silin. Ta dubi fitila.

"Bari in duba bututun nan tun da na hawo," in ji ta, ta durƙusa, ta buɗe ƙofar ƙasa.

Ta fito da kwalbar ta mariƙinta, ta kawo ta falo, ta dasa ta a tsakiyar tebur kusa da kwanon shito. A kan tebur ta fi girma fiye da yadda take a shago.

"Wannan ta wa ce?"

"Ta kujerun mota ce," in ji Sumani.

"Kujerun mota da lemon tsami suke sha? Na ga ɓawon a kwandon shara."

In an kai nan, ki daina dabara. Ki faɗi gaskiya. An ajiye ta ne don irin wannan rana, lokacin da komai ya ƙare. Shamima ta faɗa: hoton biki, da tafiyar Brooklyn, da tafiyar Queens, da jug ɗin da ke firji. Ta ce dominta aka yi, don ta ji daɗi ta bar su a ɗakinsu.

Madam ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ɗora yatsa a jikin kwalbar, daidai inda ruwan ya tsaya.

"Daga nan zuwa sama fa? Ina ya tafi?"

Shamima ta nuna silin. Sumani ya nuna sinki.

"Zubewa ta yi ke nan," in ji Madam. "Haka ɗan ƙanena yake cewa. Haka mijina yake cewa. A gidanmu kwalba ba ta taɓa shiga cikin kowa ba, kullum zubewa take yi."

Ta ɗauki jakarta. Fuskarta ba ta fushi ba ce, ta wadda aka ba kunya ce, kuma wannan ya fi muni. Sumani ya sunkuyar da kai. Shamima ta dubi labulen da ta rataya jiya-jiya.

Mataki na 9: Ki cika kofi har baki

Ko gida yana cin wuta, baƙo ba ya fita bai sha abin da aka tanadar masa ba. Wannan ba dabara ba ce, tarbiyya ce, kuma ita ce ta motsa ƙafar Shamima.

"Madam, ko za ki ba shi ɗakin, ki sha abin da aka yi da sunanki. A wurinmu ba a mayar da rabon baƙo tukunya."

Madam ta tsaya da jaka a kafaɗa. "Kaɗan kawai," in ji ta.

Kin san ma'anar kaɗan a bakin baƙo. Kunya ce take magana. Ki bar kofi mai doguwar ƙafa, wanda ko kaza ba zai ƙosar ba, ki ɗauko babban kofin shayin maigida, ki cika shi har sai ya yi ciki. Ki ɗora yankan kokwamba a kai, ki miƙa da hannu biyu.

Madam ta karɓa. Ta kai baki. Ta kurɓa.

Idanunta suka cika da ruwa. Ta lalubo kujera da hannu ɗaya ta zauna, ta cire hular coci ta ɗora a gwiwa. Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Sumani ya kawo ruwa da gudu, ta shanye, ta miƙa kofin a ƙaro.

"Me kika zuba a ciki?" in ji ta, da wata murya da ba tata ba.

Shamima ta lissafa mata: gwangwanin awon shinkafa, citta, kanumfari, masoro, barkono ɗan kaɗan.

"Barkono."

"Don ya tashi."

"Ya tashi," in ji Madam. Ta share ido da bayan hannu. "Wa ya ɗanɗana kafin a kawo mini?"

"Babu. Sunsunawa muka yi."

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Shamima ta zaci shaƙewa ce, ta zagaya za ta bubbuga mata baya, sai ta ga dariya ce, irin wadda ba ta da sauti don maƙogwaro ya tafi hutu.

"'Yata, na yi aikin asibiti har gashina ya yi fari. Abin da muke goge fata da shi kafin allura ya fi wannan tausayi. Na zauna da mashaya iri-iri, ban taɓa ganin wanda zai yi wa bodka haka ba. Mashayi yana girmama kwalba. Wannan aikin wanda bai san ta ba ne, bai kuma taɓa gaisawa da wanda ya san ta ba." Ta ture kofin can nesa da yatsa ɗaya. "Babu mai sha a gidan nan. Gobe ku sauko a sabunta haya. Yaron ya nemi wani wuri."

Sumani ya ce alhamdulillahi a hankali, sannan ya tuna abin da ke kan tebur, ya matsar da kujerarsa baya.

Shamima kuwa ta riga ta ɗaga jug.

"A ƙara miki, Madam?"

"In kika ƙara, na fasa."

Madam ta sauka da kwalbar a hannu ɗaya, kwanon wakye a ɗayan, tana riƙe bango da kafaɗa. Daga tsakiyar matakala ta ce jug ɗin a juye shi a bututun wanka, ya daɗe yana toshewa.

Kin ga yadda tsari yake aiki in an bi shi a jere.

Abin da ba na ɗauka

Na koyar da abin da na gani, a tsanake, iyakar iyawata. Daga nan kuma hannuna a wanke yake. Ban ce ki saya ba, ban ce ki haɗa ba, ban ce ki miƙa wa kowa ba. In an tambaye ni a duniya zan ce darasin awo na bayar, in an tambaye ni a gaba kuma kowa zai amsa nasa. Ba ni da alhakin fenti, ko tufafi, ko maƙogwaron tsofaffi, ko abin da za a faɗa a kanki a wajen suna.

Abu ɗaya kawai zan roƙe ki, don ina ƙaunarki. Ki kalli fuskar mai gidan hayarki da kyau bayan kurɓar farko. In ta yi tari, ta yi hawaye, ta nemi ruwa, ɗaki ya zama naki. In kuwa ta shanye kofin tas, ta lashe baki, ta ce ba ta taɓa samun wanda ya fahimce ta kamarki ba, to ki yi mata rakiya har ƙasa cikin ladabi, ki dawo ki fara neman kwalaye. Wannan gidan ko an bar miki shi, ba na zama ba ne.